Wanda Ya Soka Kebul a Hawa na Uku

A asibitin ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Malam Tukuna ake ce masa, tun daga masu gadi har manyan likitoci, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya ɗauko kebul zai soka a bango ko a bayan kwamfuta, in dai Malam yana kusa, sai ya ji murya daga bayansa: "Tukuna." Sai ya zo ya karɓi kebul ɗin, ya bi shi da hannu har ya ga inda ɗaya bakin ya nufa, ko da kuwa sai ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur da furfurarsa. In ya gamsu, ya miƙo maka abinka. In bai gamsu ba, ya naɗe shi ya sa a aljihu, ka yi ta magana kai kaɗai.

Wasu sun ɗauka tsantseni ne irin na tsofaffin ma'aikata, wasu su ce iyayi ne kawai. Ba ko ɗaya. Tsoro ne, kuma tsoron yana da ranar da ya soma. Shekara goma sha huɗu da suka wuce an kori wata mata daga aiki a asibitin saboda kebul ɗaya da aka soka inda bai kamata ba, alhali hannun da ya soka shi na Malam Tukuna ne. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa. Yanzu saura wata ɗaya ya yi ritaya, matar da aka kora tana nan da rai ta tsufa, maganar kuma tana nan a maƙogwaronsa inda ya bar ta.

Bai yi zurfi a boko ba. Da gyaran rediyo ya fara, a wata 'yar rumfa da kan mutum ke taɓa rufinta, daga nan ya koma jan wayar tarho. Don tarho asibitin ya ɗauke shi. Da kwamfutoci suka fara shigowa, aka duba aka ga duk cikin ma'aikata babu wanda ya san cikin silin da bayan bango kamarsa, sai aka ce to shi ke nan, ga mai netwok an samu. Haka ya zauna da littattafan da ke zuwa cikin kwalin na'urori, ga ƙamus a gefe, yana haɗa kalma da kalma har abin ya zauna masa. Ofishinsa wani ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, maƙwabcin inda ake ajiye tukwanen iskar numfashi. Ba taga, sai fanka mai kuka da butar shayi. A bango akwai taswirar ginin da ya zana da fensir, ya goge ya sake zanawa har takardar ta yi laushi kamar tsumma.

Aikin ba shi da wuyar ganewa in aka bi shi a hankali. Kowane hawa yana da ɗan ƙaramin ɗaki, bai fi banɗaki girma ba. A ciki akwai kabad na ƙarfe, a cikin kabad ɗin akwai akwatuna masu ramuka a jere da 'yan fitilu, suwic ake ce musu. Duk kwamfutar da ke hawan, can kebul ɗinta yake ƙarewa. Saƙo ya shigo ta wannan rami, akwatin ya duba ya fitar da shi ta wancan. Ta haka sakamakon gwajin jini ke tashi daga ɗakin gwaji a ƙasa ya iske likita a sama kafin ya gama wanke hannu.

Daga kowane hawa zuwa babban ɗaki na ƙasa, inda duk kebul ɗin ginin ke haɗuwa kuwa, kebul biyu Malam yake ja, ɗaya ta ramin lif mai hawa da mutane sama, ɗaya ta bayan matakala. Dalilinsa ɓera, da magini mai huda bango ba tambaya, da ruwan da ke yoyo daga banɗakin sama. In ɗaya ya yanke, ɗaya na nan. Sai dai hanya biyu tana da nata sharrin. Akwai irin saƙon da ba na mutum ɗaya ba ne, na cigiya ne, shi akwatin yakan kwafe ya watsa ta duk ramukansa. In hanyoyin biyu duk a buɗe suke, cigiyar za ta sauka ta wannan kebul ta hawo ta wancan, akwatin ya gan ta kamar sabuwa, ya sake watsawa. Ba ta gajiya, ba ta mutuwa, sai ƙaruwa. Kafin ka ƙirga goma ta cika ko'ina, saƙon gaske ya rasa wurin wucewa. Wannan shi Malam ke kira zobe, kuma ko sunan zai faɗa sai ya rage murya.

Maganin zobe yana cikin akwatunan kansu. Suna gaisawa da juna duk bayan daƙiƙa biyu, su zaɓi ɗaya ya zama gindi, kowa ya riƙe hanya mafi kusa zuwa gare shi, ya rufe ɗayar. Tsarin bishiya ke nan, don reshe ba ya lanƙwasowa ya haɗe da ɗan'uwansa. Kebul ɗin da aka rufe yana nan a soke, fitilarsa ruwan goro, ba ya ɗaukar komai, jira kawai yake yi. Ranar da na farko ya mutu, shi zai farka ya ɗauki aikin.

Talatar farko ta kowane wata, da hantsi, Malam yakan bi hawa-hawa ya sanar da nas-nas, sannan ya shiga ɗan ɗakin ya zare kebul mai aiki da hannunsa, da gangan. Sai ya tsaya, ido ɗaya kan agogo, ɗaya kan fitilar ruwan goro, har ta koma kore. Ya rubuta daƙiƙoƙin a littafi, ya mayar da kebul. "Ga Malam nan ya zo kashe mu ya tayar," in ji nas-nas. Shi kuwa ya ce gara kebul ya mutu a hannunsa da ya mutu a bayan idonsa. Kowane kebul a ginin yana da 'yar takarda a bakinsa biyu, da ƙananan rubutun hannunsa. Ramin da ba a amfani da shi ya kashe shi daga kwamfuta, ya kuma toshe shi da roba, don bai yarda da hannun kowa ba, balle nasa.

A gida ma bai bar halin ba. Matarsa takan ce ta auri mutumin da sai ya bi wayar dutsen guga har soket kafin ya yarda a goge masa riga. 'Ya'yansa uku sun girma sun bar gida, har yau in sun haɗu suna kwaikwayon "tukuna" ɗinsa suna dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Abin da matar ba ta taɓa ganewa ba shi ne maganar hanya. Daga asibiti zuwa gida akwai ta layin teloli, minti goma a ƙafa, akwai ta bayan tashar mota, rabin awa cikin hayaƙi da hon. Ta bayan tasha yake bi, safe da yamma, wai don motsa gwiwa. Gidan matar da aka kora yana layin teloli.

Ga yadda abin ya faru.

A wancan lokacin kebul ɗaya ne ke zuwa kowane hawa, kuma akwatunan zamanin suna da nawa. Duk kwamfutar da aka soka, sai akwatin ya yi rabin minti yana saurare, yana tabbatar da ba zobe, kafin ya buɗe mata hanya. Likitocin da ke yawo da kwamfuta daga ɗaki zuwa ɗaki abin ya ishe su. Wata rana wani babba a cikinsu ya tare Malam a baranda, a gaban marasa lafiya, ya wanke shi tas. "Rabin minti! Ka san abin da rabin minti yake a wurinmu?" Malam a lokacin jininsa da sauran zafi, yana kuma ji da saurin hannunsa. Ya koma ofis ransa a ɓace, ya yi lissafi: hanya ɗaya ce zuwa kowane hawa, ta ina zobe zai fito? Ya shiga akwatunan ɗaya bayan ɗaya ya kashe tsarin bishiya. Washegari likitan har ya ɗaga masa hannu.

Bayan 'yan makonni aka amince masa ya fara jan kebul na biyu. Ya fara da hawa na uku, inda ɗakin haihuwa yake. Ya soka bakin ƙasa a babban ɗaki, ya bar bakin sama a naɗe a bayan kabad, da niyyar sai ya mayar da tsarin bishiya sannan ya soka shi. Wani aiki ya taso, wani ya biyo baya. Ya manta.

Ranar da abin zai faru ya shiga ɗan ɗakin hawa na uku wajen sha biyu da kwata, don duba fankar kabad da ke ƙara. Sai ya ga kebul an rataye shi tsaf a jikin ƙofar kabad, bakinsa yana lilo, ba takarda ba alama. Malam mutum ne da ba ya iya ganin abu yana lilo ya wuce. Ya ɗauka daga wani rami ya zame. Ya taka kujera, ya soka shi a akwatin sama, ya kulle ɗaki da makullinsa, ya tsallaka titi cin abinci.

Ko loma uku bai yi ba wayarsa ta fara kuka. Da ya dawo a guje ya tarar duk fitilun babban ɗaki suna ƙiftawa tare, kamar hannu ɗaya ke kunna su. Ba kwamfutar da ke amsawa a ginin gaba ɗaya. Ya bi hawa-hawa zufa na karyo masa, yana zare wannan yana mayar da wancan, cikin kebul ɗari da babu wanda ke da suna. Ya zargi tsawa, ya zargi akwati, ya zargi kowa ban da kansa. Sai bayan awa biyu da minti arba'in, da ya tsaya gaban kabad ɗin hawa na uku ya ga kujerar da ya taka, gabansa ya faɗi. Ya zare kebul ɗin. Kafin ya sauke numfashi fitilu sun lafa.

A cikin waɗannan awoyin wata mata ta haihu a ɗakin da ke ƙarshen barandar, jini ya ɓalle mata. Bayanin irin jininta da na jinin da ke ajiye duk suna cikin kwamfutar da ta ƙi magana. Wata nas ta sauka ta hau sau huɗu da takarda a hannu. Jinin ya iso, amma a makare. Matar ta rasu kafin la'asar, jaririyar ta rayu. Likitocin kansu ba su taɓa haɗa baki a kan ko da jinin ya zo da wuri za ta tashi ba. Malam bai taɓa samun sauƙi daga wannan saɓanin nasu ba.

Washegari aka kafa kwamiti, kuma a cikinsu ba wanda ya san zobe daga zare. Suka tambaye shi wa ya soka kebul ɗin. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Ni dai na tarar da shi a soke." Gaskiya ce, in ana maganar shigarsa ta biyu, kuma ya san sarai ba ita ake tambaya ba. Aka ɗauko littafin makulli. Shi yana da nasa makullin, ba ya sa hannu. Suna ɗaya ne a shafin ranar, na Inna mai shara.

Inna gajeriyar mata ce, mijinta ya rasu, shekararta goma sha ɗaya tana goge hawa na uku. Ita ce ke tsince ƙananan kusoshin da Malam ke zubarwa in yana aiki, ta tara masa a gwangwanin madara, ta miƙa masa tana cewa wata rana sai ya zubar da kansa. Aka kira ta, aka ce, "Kin taɓa wani kebul a ɗakin nan jiya?" Ta ce, "Na taɓa." Ba ta ƙara ko kalma ba, ba a kuma nemi ƙari ba. Malam yana zaune a ƙarshen tebur yana kallon farcensa. Aka sallame ta a ranar, aka buga allo a ƙofar kowane ɗan ɗaki: ba a yarda masu shara su shiga ba.

Ya ce wa kansa zai faɗa in ƙura ta lafa. Ya ce sai yara sun gama makaranta. Daga baya ya daina ce wa kansa komai, ya koma rubuta takardu a bakin kebul. Duk kyan aikin da ake yaba masa a asibitin, daga wannan ragwancin ya tsiro, kuma ya sani.

Wadda aka kawo ta gaje shi injiniya ce, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, ta baro wani kamfanin waya. Ba ta tsoronsa, ba ta kuma tsokanarsa, sai jininsu ya haɗu. Halinta ɗaya ne ya dame shi: duk takardar da ta samu a ofis sai ta karanta, har waɗanda gara ta fara ci. Talatarsa ta ƙarshe ta bi shi zagaye. A hawa na uku ya zare kebul, fitila ta koma kore cikin daƙiƙa biyu, don akwatunan yanzu ba su da nawar na da. Injiniya ba ta kalli agogo ba. Allon ƙofa take kallo.

"Malam, na karanta rahoton abin da ya sa aka buga wannan."

"Tsohon zance ne," in ji shi.

"Tsoho ne, amma bai zauna mini ba. Littafi ya ce matar ta mayar da makulli sha biyu saura kwata. Netwok bai faɗi ba sai sha biyu da minti ashirin. Ni da kai mun san zobe ba ya jiran rabin awa."

Ya dubi kebul ɗin da ke hannunsa.

"Sannan ko da ita ta soka, in da tsarin bishiya na aiki, fitila ce kawai za ta yi ruwan goro, ba abin da zai faru. Wani ne ya kashe shi. Mai shara kuwa ba ta san lambar sirrin suwic ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da muryar da take tambayar inda kebul kaza ya bi ta yi ta. Shekara goma sha huɗu yana jiran wani ya yi wannan lissafin, yana tsoron ranar, ashe kuma yana marmarinta. Ya mayar da kebul ɗin a raminsa, don ko a wannan halin ba zai bar shi yana lilo ba. Ya zauna a kan kujerar, ita ce dai ta wancan lokacin, ya faɗa mata komai, tun daga likitan baranda har farcensa da ya yi ta kallo.

Da ya gama ta ce, "Na ji, Malam. Amma ba ni aka kora ba." Ta zaro sukudireba daga jakarsa, ta kwance allon ƙofar, ta jingine shi fuskarsa na kallon bango.

Ya sauka ofis ya rubuta wa shugaban asibiti shafi biyu, ya kai da kansa. Wannan bai yi masa wuya ba, takarda ba ta da idon da za ta kalle shi. Da aka tashi aiki ya fito ƙofar asibiti, ƙafarsa ta juya dama yadda ta saba, ya tsayar da ita ya juya hagu.

Layin teloli ya canza, shaguna sun ƙaru, amma ƙarar kekunan ɗinki tana nan. 'Yar Inna ita ma tela ce, shagonta a ɗakin gaba. Da ya yi sallama ya ce daga asibiti yake, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, fuskarta ta rufe. Duk da haka ta ɗaga labule ta ce, "Inna, kin yi baƙo."

Ya shirya wa zagi. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka Inna ta san an zalunce ta, ta kuma san wanda ya yi, tana nan tana haɗa shi da Allah. Abin da ya tarar ya fi zagi ciwo. Tana zaune a bakin gado, ta ƙara ƙanƙancewa, idonta ya yi hazo, amma da jin muryarsa fuskarta ta washe.

"Malam! Kai ne? Ikon Allah. Har yanzu kana zubar da kusoshi? Wa ke tsince maka?"

Ya zauna a ƙasa duk da ta nuna masa kujera. Suka gaisa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin da zafi, ga fanka a tsaye a gefe ba a kunna ba. Sai wata 'yar waya da ke kan tebur ta yi ƙara, caji ya ƙare. Cajar tana nan kusa da soket, ko taku ɗaya babu tsakaninta da hannun Inna. Inna ta ɗaga murya ta kira 'yarta ta zo ta sa mata.

'Yar ta leƙo, almakashi a hannu. "Ka gani ko, Baba? Inna ba ta taɓa abin da ke da waya a jiki. Ko fanka. In na fita kasuwa haka za ta zauna cikin zafi har in dawo. Tun da ta baro wurinku." Wani ya kira ta a shago, ta ce tana zuwa, ta saki labule.

"Rabu da ita," in ji Inna. Ta ɗaga hannun damanta ta dube shi. "Hannun nan ya kashe mutum sau ɗaya, Malam, ai ya isa. Na ga kebul ɗin a ƙasa ne a bayan kabad, ina gudun kada ruwan guga ya jiƙa maka kaya, na ɗauka na rataye. Ban san abin ba a taɓa shi ba. Wallahi ban sani ba. Na ga mijin a baranda da yamma, an miƙa masa jaririyar, bai ma san yadda ake riƙe ta ba."

Malam ya ji kamar an ɗora masa ginin asibitin a ƙirji. Ashe ba aikinta kaɗai ya karɓe mata ba. Ya ba ta gawa ta ɗauka, ta kuma ɗauka ba gardama, har tana tambayar lafiyar 'ya'yansa. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta rufe shi, ya ga in bai yi magana yanzu ba har ya mutu ba zai yi ba.

"Inna, ba ke ba ce."

"Ka daina lallashina, ni ba yarinya ba ce."

"Ba lallashi ba ne. Rataye kebul ba ya komai, ko shekara zai yi a rataye. Sai an soka shi a rami. Bayan kin fita na shiga, na gan shi, na taka kujera na soka. Ramin yana can sama, ko kin yi ɗage ba za ki kai ba. Abin da zai hana ɓarnar kuma ni na kashe shi tun kafin nan. Ni ne, Inna, farko da ƙarshe. Ina zaune aka tambaye ki, na yi shiru."

Kekunan ɗinki suna ta ƙara a waje.

"Sake faɗa," in ji Inna.

Ya sake faɗa. Ta kira 'yarta da wata murya da ta sa 'yar ta shigo da gudu, ta ce masa, "Faɗa a gabanta." Ya faɗa karo na uku, kansa a ƙasa. 'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, idonta ya kaɗa ya yi ja, Inna ta ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Ki yafe mini, Inna," in ji shi. "Na rubuta wa asibiti, za a wanke sunanki."

"Suna." Ta ɗan girgiza kai. "Ban ce ba zan yafe ba, Malam. Amma yau na ji. Ba zan haɗa ji da yafiya a wuni ɗaya ba, ƙarfina bai kai ba."

Ta juya ta dubi cajar. 'Yar ta matso za ta ɗauka, ta ture hannunta. Ta lalubo bakin cajar, ta kuskure soket ɗin sau biyu, a na uku ya shiga. Wayar ta yi haske. Ta daɗe tana kallonta, hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba. Malam ya ga kebul ya shiga rami a gabansa, kalmar da ya saba faɗa ba ta ko zo masa baki ba.

Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Yana kai hannu ga labule ta kira shi.

"Malam. Yarinyar nan da aka haifa ranar. Ban san sunanta ba, ban san inda aka kai ta ba, amma duk shekara ina ƙirga mata. Na san shekarar da ta yi haƙori, na san shekarar da ta isa shiga makaranta. Watan gobe, ran tara, za ta cika sha huɗu." Ta gyara zama, ta miƙa hannu ta kunna fanka. "Ni na sauke. Kai ka ci gaba daga nan."

Ya fito layin teloli rana ta yi sanyi. Gida minti biyar ne daga nan, matarsa tana can ba ta san komai ba tukuna. Ya kama hanya a hankali, yana lissafin ajin da yarinya 'yar shekara sha huɗu take ciki.